Darasin Nutso da Tukunyar Iska Ga Sabon Shiga

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato da kewaye, barkanmu da war haka. Darasinmu na yau kan nutso ne a teku da tukunyar iska goye a baya, irin wanda sabon shiga ke yi a inda murjani yake kusa da gaɓa. Tsakaninmu da teku akwai tafiya, gaskiya ne, amma masu Umara suna bi ta Jidda, ɗalibanmu suna Masar, kuma Bahar Maliya na cikin wuraren da suka yi suna a wannan harka. A Jidda da Hurgada ta Masar akwai makarantun da ke shiga da mutum ruwa a yini ɗaya bayan ɗan horo. A tsarin PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso a duniya, nutson gwaji ba ya wuce mita 12, sai wanda ya kai shekara 10, kuma malami na gefenka har ku fito.

To, a kasa kunne nan. Duk wanda ya tashi a bakin Gulbin Rima, ko ya kalli masunta a Argungu, ya san yadda muke nutso: a ja numfashi, a riƙe, a nutse, a taso. Wannan abin da ka saba shi za ka fara ajiyewa a bakin ruwa. Da tukunya a bayanka ba a riƙe numfashi, ko na ƙiftawar ido.

Ga dalili. Kowace mita 10 ka sauka, ruwan teku na ƙara maka matsi daidai da na iskar da ke kanmu a tudu, wato a mita 10 matsin ya ninka. Na'urar da ke bakinka tana ba ka iska daidai da matsin inda kake. In ka cika huhu a can ka toshe, ka yo sama, iskar nan za ta kumbura har ta ninka girmanta, kamar balan-balan da aka cika aka ci gaba da hurawa. Huhu na iya yagewa, kumfar iska ta shiga jini ta kai ƙwaƙwalwa. Kada wani ya ce ai ruwan ba zurfi. A mita goman sama ne iska ta fi saurin kumbura, ko daga mita biyu ana iya jin ciwo. Saboda haka ka shaƙa a hankali, ka fitar a hankali. Ko na'urar ta suɓuce daga bakinka, ka riƙa sakin 'yan kumfa har ka lalubo ta ka mayar.

Sai kunne. Kana fara sauka za ka ji ya danne. Ka matse hanci da yatsu biyu, ka ɗan hura a hankali har ka ji ya buɗe, kuma ka yi haka tun kafin zafi ya zo, kusan kowace mita. In ya ƙi, ka ɗan hau sama ka sake gwadawa, kada ka yi da ƙarfi. Mai mura ya haƙura da nutso ranar nan, musamman mu da hunturu ke toshe wa hanci.

A ƙarƙashin ruwa hannu ke magana. Haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, shi ne lafiya lau. Ɗaga babban yatsa sama kuwa na nufin mu hau, a kiyaye wannan. Tukunyar iska ce irin wadda muke shaƙa aka matse, ba zallar oksijin ba. Ana cika ta zuwa wajen bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), ka riƙa duba agogonta, ka fito da saura aƙalla 50.

Abin da za ka gani, sai dai ka ce Subhanallah. Kifaye masu ruwan ɗorawa da shuɗi suna kiwo a jikin murjani, kana jin ƙaras-ƙaras ɗin haƙoransu. Gilashin fuska na ƙara wa komai girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, jan launi kuma yana dushewa tun daga wajen mita biyar, shi ya sa ruwa mara zurfi ya fi kyan kallo. Murjanin nan dabba ce mai rai, wani ɗan santimita kawai yake ƙarawa a shekara. Don Allah kada ka taka shi, kada ka ɓallo na tsaraba. Akwai ma wanda ke ƙuna, akwai kifi mai dafi da ke kwanciya a kai ba ka gane shi. Ka harɗe hannunka a ƙirji kawai.

Wata Hajiya daga Runjin Sambo ta turo saƙo kan ɗanta mai sikila. Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya, amma kada ya shiga. Haka mai farfaɗiya da mai juna biyu. Mai asma ko ciwon zuciya sai likita ya duba shi ya amince.

Alhaji daga Mabera kuma yana so ya yi nutso ranar da zai hau jirgin sama ya dawo gida. Ranka ya daɗe, a canza rana. Iskar naitirojin da ta shiga jiki lokacin nutso na bukatar lokaci ta fita, matsin cikin jirgin sama kuma bai kai na ƙasa ba. Bayan nutso ɗaya a jira aƙalla awa 12, in an maimaita awa 18. Don haka ne ma ake tasowa a hankali, a tsaya minti uku a mita biyar.

Lokaci ya cimma mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki yadda ake fitar da ruwa daga gilashin fuska ba tare da an taso ba. A huta lafiya.