Sashen Rashanci a jami'a: a aji uku ake yin ta

Tun da aka ga tutar Rasha a hannun matasa a Kano lokacin zanga-zangar Agustan 2024 wata tambaya ke ta yawo, wai me zai hana jami'o'inmu su buɗe sashen Rashanci kawai, ai malami ne da allo. To jama'a ba haka abin yake ba, ku biyo ni.

Da farko dai abin ba sabo bane a Najeriya, jami'o'in Ibadan da Legas da Nsukka duk suna koyar da shi. Ku ɗauki masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, a 1979 aka ba wani kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar gina ta, injiniyoyi suka zo ana neman tafinta, ga sukolashif ana ta kwasar ɗalibai zuwa Mosko. A 1991 Sobiyet ta wargaje, tallafi ya ja baya. Tarihin kenan a gurguje.

Yanzu ga inda mutane basu gane ba. Digirin harshe shekara huɗu ne, kuma a aji uku ana so ɗalibi ya bar jami'arsa ya je ya zauna inda ake magana da harshen dare da rana. Ɗan Faransanci Badagry ake kai shi, akwai ƙauyen Faransanci a can. Ɗan Larabci kuma Ngala ta jihar Borno, duk da rikicin Boko Haram ya sa aka koma Maiduguri. To ɗan Rashanci fa? Bashi da ƙauye a nan, sai dai ya hau jirgi.

Ku duba lissafin: biza, tikiti, ɗakin kwana, kayan sanyi, kuma ba da naira ake biya ba, kun san yadda naira ta faɗi daga 2023. Ƙari a kan haka tun da aka fara yaƙin Yukren a 2022 Visa da Mastercard suka dakatar da aiki a Rasha, uba yana da kuɗin a hannu amma tura wa ɗansa ya zama aiki.

Wani zai ce to a bar tafiyar mana, a karanta a gida. Haruffan 33 ne, wannan ba wuya, mai himma sati biyu sun ishe shi. Amma suna ɗaya siga shida yake ɗauka gwargwadon aikinsa a jimla, kuma kalmar tafiya a ƙafa daban, ta tafiya a mota daban, zuwa sau ɗaya daban, zuwa kullum daban. Wallahi wannan a kanti da cikin bas yake zama a baki, lokacin da mai sayar da burodi ke jiranka ga layi a bayanka.

Kuma nan ne ci gaban sashen yake. Wanda bai ƙware ba ba zai iya karanta adabin a harshensa na asali ba, ba zai yi digiri na biyu da na uku ba, kenan babu malaman gobe, kuma NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, in ta zo tantancewa malamai take ƙirgawa.

A Mosko akwai Cibiyar Pushkin, inda baƙi ke koyon Rashanci. 

Ni a ganina duk jami'ar da za ta buɗe wannan sashen ta fara ƙulla yarjejeniya da wata jami'a a Rasha a rubuce, a san wa zai biya kuɗin shekarar da ɗalibi zai yi a can. Ku kuma iyaye kafin yaro ya cike JAMB ku je sashen ku tambaya, 'yan aji uku na bara ina aka kai su, kuma nawa kowa ya kashe.