Fuskar da ta shekara fiye da 70 a kuɗin Ayilan

Masu kallo, ku duba wannan takardar da ke hannuna. Takardar kuɗi ce mai launin kore, fam ɗaya na ƙasar Ayilan. Ga hoton wata mata ta yafa mayafi, ta ɗan juyo tana kallon mai riƙe da ita. Duk wanda ya shiga sha'anin tara tsofaffin kuɗin wannan ƙasa, a kan fuskar nan yake farawa.

Sunanta Hazel Lavery. Abin da ke ba mutane mamaki, ba a Ayilan aka haife ta ba, a Shikago ta Amurka ne. Mijinta, mai zane John Lavery, shi ya zana ta a matsayin Kathleen Ni Houlihan, macen da ke wakiltar ƙasar a adabinsu. Ayilan ta samu mulkin kanta daga Birtaniya a 1922, sai a ranar 10 ga Satumba 1928 ta fito da waɗannan takardu: sule goma, fam ɗaya, biyar, goma, ashirin, hamsin da ɗari. Dattawanmu ba baƙon lissafi ba ne a wurinsu, sule ashirin fam guda, kamar yadda ake yi a Najeriya kafin zuwan naira a 1973.

A ƙananan takardun kai da kafaɗa kawai za ku gani. Daga fam goma zuwa sama ne hoton yake cika: ta tallafe haɓa da hannu, ta jingina da abin kiɗan nan mai tsirkiya da yawa wanda shi ne tambarin ƙasar. Ni dai a ganina babu takardar da ta kai fam goman nan shuɗiya kyau. Ku matso da ido kan mayafin. Ba fenti ba ne, ƙananan layuka ne da aka sassaƙa ɗaya bayan ɗaya a kan farantin ƙarfe, wasu a matse don su ba da inuwa, wasu a warwatse don haske ya fito. In ka shafa yatsa a kan wadda ba ta sha hannu ba, kana jin tudun tawadar. A baya kuma akwai fuskokin da ke wakiltar kogunan ƙasar, an kwaikwayo su ne daga sassaƙen dutse da ke jikin ginin kwastan na Dublin.

To, me ke sa wata ta fi wata tsada, alhali hoton ɗaya ne?

Da farko kwanan wata. Kowace takarda tana ɗauke da ranarta a jiki, kuma masu tarawa suna rububin na 1928. Sai sa hannu da sunan hukuma: kafin 1943 hukumar kula da kuɗi ce ke fitarwa, daga nan Babban Bankin Ayilan ya karɓa. Akwai kuma wanda ya fi burge ni. A Ingila ake buga takardun a kawo su ta teku, to lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1940 da 1944, sai aka riƙa buga wani harafi guda cikin da'ira a jikinsu. Dalili? In kaya ya salwanta a hanya, a san rukunin da za a soke. Ɗan harafin nan da bai kai ƙwayar wake ba yana iya canza farashin takarda.

Akwai wasu takardun da suka yi zamani da waɗannan tun 1929, masu hoton manomi yana huɗa da dawakai biyu. Bankuna takwas ne suka fitar da su, kowa da sunansa a jiki, kuma na wasu bankunan samunsu sai an sha wuya.

Daga 1976 aka fara kawo sabon zubi mai hotunan mutane irin su Sarauniya Medb ta cikin almararsu da marubuta Jonathan Swift da W. B. Yeats, sannan zubin ƙarshe daga 1992, wanda mai zane Robert Ballagh ya tsara. Amma ku ga wannan. Bari in ɗaga fam goma ta zubin ƙarshen nan, mai hoton marubuci James Joyce, zuwa ga fitila. Kun gan ta? Hazel ce, a ɓoye cikin jikin takardar. Ba ta bar kuɗin ƙasar ba sai da yuro ya zo a 2002.

Har yanzu Babban Bankin yana canza tsofaffin takardun, fam ɗaya a kan kusan yuro 1.27. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za ta yi. Abin da mai tarawa zai biya a gwanjo kuwa, lafiyar takardar ce ke yanke shi: sabuwa dal wadda ba ta taɓa ninkuwa ba, da wadda ta kwana a aljihu, tsakaninsu kamar sama da ƙasa ne.

Shi ya sa nake roƙonku, kada ku yi mata guga. Na taɓa yi wa wata ta sule goma don in baje wani ninki. Ninkin bai tafi ba, tudun tawadar ya kwanta, takardar ta yi wani sheƙi da duk mai ido zai gane daga nesa. Kada a wanke, kada a liƙa salatif, kada a goge tabo. Ku riƙe ta a gefe-gefe da busasshen hannu, ku zura ta cikin ledar da aka yi musamman don takardun kuɗi, ku ajiye a shimfiɗe inda rana da danshi ba sa kaiwa. Wannan koriyar ma yanzu zan mayar da ita cikin ledarta.