Kek ɗin bota daga Manchesta, don masu yi a Zariya

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanen Zazzau. Ina gaida na Tudun Wada, na Sabon Gari, na Samaru da na cikin birni. Yau kek ɗin bota za mu yi, wanda ba kirim ba kwalliya, irin na shan shayi. Ƙanwata ce ta matsa min, wai za ta yi wa Hajiya na Sallah, kuma nata kullum da nauyi yake fitowa.

Ga kayan nan a kan tebur. Bota giram 250, fulawa 250, sukari 200, manyan ƙwai 4, bekin foda ƙaramin cokali 2, madara babban cokali 3, sai ɗan banila. Tun ƙarni na 18 Turawan Ingila ke yin irinsa, kuma su daidai wa daida suke auna bota da sukari da ƙwai da fulawa, kowanne kusan giram 450. Ni na rage sukarin, don Hajiya ba ta son zaƙi ya yi yawa. Wadda ba ta da sikeli ta ɗauko gwangwanin madarar Peak: fulawa uku a shafe, sukari ɗaya da rabi.

To, ku matso ku ga botar nan. Na danna da yatsa, ya lotsa, amma mai bai biyo yatsana ba. Haka ake so. Nan Manchesta tun dare nake fito da ita daga firij saboda sanyin garin. Ke da ke Zariya, kada ki kwaikwaye ni a watan Maris ko Afrilu. Bota tana fara narkewa ne a wajen digiri 32, kuma kin san zafin da ake yi lokacin ya wuce haka. Ki fito da ita, ki tankaɗe fulawarki, kafin ki gama ta yi laushi. Da hunturu ne kawai za ki ɗan jira.

Me ya sa nake ta nanata wannan? Idan kina buga bota da sukari, ƙwayoyin sukarin ne ke huda botar suna cusa mata iska, iskar nan ce ke kumbura a wuta ta ɗaga kek. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iska. Shi ya sa naki yake fitowa kamar tubali, ƙanwata, ba laifin fulawa ba ne. Ki buga har launin ya tashi daga rawaya ya koma fari-fari. Da na'ura minti 5, da muciya kuwa sai hannu ya gaji, ki miƙa wa wani ya karɓe ki.

Simas da Blue Band da kuke saya a kasuwar Sabon Gari majarin ne, daga man tsirrai ake yinsu. Suna yin kek, har sun fi jure zafi, amma ƙamshin ba ɗaya ba ne. Ɗanyen man shanu na Fulani shi ma bota ne, sai dai a wanke shi sosai da ruwan sanyi, in ba haka ba tsamin nono zai fito.

Yanzu ƙwai, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɓace kafin na gaba. Kun ga ya fara alamar tsinkewa? Cokali ɗaya na fulawa, ya haɗe. Sauran fulawar da bekin foda a zuba sau uku, ana juyawa a hankali daga ƙasa, madara a tsakani. An daina bugu daga nan.

Na shafe gwangwani da bota, na barbaɗa fulawa, zai shiga obin a digiri 170, minti 50 zuwa awa ɗaya. In an ɗauke wuta, ko babu obin, a zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, a ɗora kan gawayi ya yi zafi tukuna, a sa gwangwanin a rufe, a ɗora 'yan garwashi kan murfin don saman ya gasu. Kada a buɗe kafin rabin awa, tsakiyar za ta faɗa.

Ga tsinke na soka, ya fito fes. Saman ya ɗan tsage, haka wannan kek ɗin yake, ba matsala. A bar shi minti 15 a gwangwani kafin a juye. Ƙanwata, ki yi naki ranar jajibere ki naɗe shi a leda, washegari ya fi daɗin yanka. Ki turo min hoto, kuma ki gaida Hajiya.