Shekara huɗu a jami'a don kasuwancin noma: me ake koyarwa a ciki?

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Aboabo, Asawase, Sawaba da sauran zangunan Kumasi. Wata Hajiya ta aiko mana da tambaya. Ta ce ɗanta ya nace sai ya karanta kasuwancin noma a jami'a, shin shekara huɗu za su yi suna biyan kuɗin makaranta don yaro ya koyi riƙe fartanya? To Hajiya, ki gyara zama.

Zai shiga gona, wannan babu shakka. Amma ƙashin bayan karatun lissafi ne. Mu je Ejura, garin masara, ki gani.

Lokacin girbi masara ta cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Manomi yana da bashin taki a wuya, ga kuɗin makarantar yara, dole ya sayar. Bayan 'yan watanni rumbuna sun yi ƙasa, farashi ya haura. Ko yaron mota a Techiman ya san wannan. Abin da ba kowa ke iya amsawa ba shi ne: in ka saya ka ajiye, riba za ka ci ko asara?

A ce ka sayi buhu 100. Akwai kuɗin sito, kuɗin lodi da saukewa, kuɗin maganin ƙwari. In masarar da ɗanyenta ka saya, tana bushewa nauyi yana raguwa. In kuma ba ta bushe sosai ba sai ta yi fumfuna, fumfunar nan tana iya haifar da gubar da ake kira afulatoksin, masu sarrafa abinci su ƙi karɓa. Sannan ga kuɗin da ka kulle a buhu. In rance ne, kuɗin ruwa yana hawa. In naka ne, da ya yi juyi sau nawa a cikin watannin nan? Kuma ko kai mai gudun kuɗin ruwa ne saboda addini, dole ka fahimci yadda yake aiki, domin abokan hamayyarka a kasuwa da shi suke yanke farashi. Ɗalibin wannan fanni ana horar da shi ya jera duk waɗannan a takarda tun bai taɓa buhu ko ɗaya ba.

Ɓangaren tafiyar da gona kuwa, nan ake tono kuɗin da ke ɓuya. Manomi zai ce maka ya ci riba, amma bai sa ladan guminsa ba, bai sa na matarsa da 'ya'yansa ba, bai cire tsufan aboboya, babur mai ƙafa uku da ke ɗauko kaya ba, alhali wata rana sai an sayi sabuwa. Ka ɗauki kiwon kaji: abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗin, kuma abincin nan masara ce da waken soya. Shi ya sa in masara ta tashi a Ejura, mai kaji a Dormaa, garin masu kiwon kaji, yake kwana da ciwon kai, kiret ɗin ƙwai 30 kuma ya ƙara kuɗi a kasuwar Kejetia.

Akwai darasin ƙasa ma, wanda baƙo bai isa ya tsallake ba. A yankin Asante filaye da yawa a hannun sarauta da dangi suke. Za ka ji ana abunu, wato a raba biyu tsakanin mai gona da mai noma, ko abusa, a raba uku. Wanda ya shuka itacen da sai bayan shekaru zai ba da 'ya'ya, ba tare da yarjejeniya a rubuce ba, ya ajiye wa kansa rigima.

Sai koko. Ba wanda muke sha da ƙosai da safe ba, na cakulan. Gana ce ta biyu a duniya wajen nomansa, bayan Kwaddibuwa. Hukumar koko ta Gana, COCOBOD, wadda asalinta ya koma 1947, ita ke tafiyar da cinikinsa, kuma gwamnati ke sanar da farashin buhu mai kilo 64. Tunda manomin koko ba ya taya farashi, ribarsa a wuri biyu take: yawan abin da gona ta bayar, da rage kashe kuɗi.

Ina ake karantawa? Ga KNUST, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, nan kusa da mu. Akwai Jami'ar Gana a Legon, akwai ta Cape Coast, akwai UDS, Jami'ar Nazarin Ci Gaba, a harabarta ta Nyankpala kusa da Tamale. Ana neman sakamakon WASSCE da aƙalla C6 a Turanci, lissafi da kimiyya, da darussan zaɓi uku. Waɗanne darussan zaɓi ake karɓa, a duba sanarwar kowace jami'a ta shekarar kafin a sayi fom. Da farko ana koyon ƙasa, tsirrai, dabbobi da tattalin arziki, daga baya a shiga aikin akanta, tallan kaya da harkar jari, a rufe da aikin bincike. Sai hidimar ƙasa ta shekara guda.

Yanzu gaskiyar da ba a rubutawa a fom: takardar digiri ba ta zuwa da fili, ba ta zuwa da jari. Wasu suna samun aiki a bankuna irin su ADB, bankin raya noma, ko kamfanonin sayen koko, ko masu sayar da taki da iri, ko Ma'aikatar Abinci da Noma. Wasu kuma suna jira.

A ganina, ɗan zango ne ya fi kowa dacewa da wannan karatu. Kakanninmu goro suka yi fatauci daga dajin Asante zuwa ƙasar Hausa ta hanyar Salaga. Yau ma hannunmu yana cikin shanu, albasar Nijar da tumatirin Burkina. Yaron da babansa ke sauke albasa yana da abin binciken shekarar ƙarshe a cikin gidansu, in dai Alhaji ya yarda ya buɗe masa littafin bashi. Wannan kuwa, Hajiya, aikinki ne.

A bidiyo na gaba za mu bi tirelar albasa tun daga Galmi ta Nijar har Kumasi, muna ƙirga abin da take ci a kowane shinge.