Yadda Wata Jami'a a Maryland Ta Riƙe Ɗalibanta Baƙar Fata

Masu kallo, assalamu alaikum. A Amurka, ɗalibai baƙar fata da yawa kan shiga jami'a da niyyar karanta kimiyya, amma kafin a je ko'ina sai su sauya fanni ko su ajiye karatun. Galibi abin da ke korarsu shi ne ƙarancin kuɗi, da kaɗaici a ajin da babu mai kama da su, da malamin da tun farko bai sa ran za su iya ba.

Jami'ar UMBC (wato University of Maryland, Baltimore County) da ke kusa da birnin Baltimore a jihar Maryland ta tunkari wannan matsala. A 1988, Freeman Hrabowski, jami'i a jami'ar a lokacin kuma masanin lissafi da aka taɓa tsarewa yana ɗan shekara 12 saboda shiga zanga-zangar yara ta neman 'yancin baƙar fata a birnin Birmingham na jihar Alabama a 1963, ya haɗa kai da attajiri Robert Meyerhoff da matarsa Jane suka kafa shirin Meyerhoff. Rukunin farko a 1989 samari 19 ne baƙar fata. Shekarar da ta biyo baya aka shigo da 'yan mata, a 1996 kuma aka buɗe wa kowa.

Akwai tallafin kuɗi, amma ginshiƙin shirin shi ne zama tare. Kafin a buɗe makaranta, sabbin ɗalibai kan yi makonni 6 wuri guda suna lissafi da kimiyya. Daga nan karatu a rukuni ake yi, wanda ya gane ya ja wanda bai gane ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun da wuri ake sa su aikin bincike da malamai, a kuma gaya musu ƙarara cewa digirin digirgir ake jira daga gare su. Kizzmekia Corbett, wadda ta taka babbar rawa wajen samar da rigakafin korona na kamfanin Moderna, a wannan shiri ta taso.

Inda jami'o'i da yawa suka rage baya shi ne malamai. Kusan 6 cikin 100 ne kawai na malaman cikakken lokaci a Amurka baƙar fata. Waɗannan 'yan tsirarun malamai ne ɗalibai ke bi har ofis da damuwarsu, su ake turawa kwamiti bayan kwamiti, sannan ranar ƙarin girma a ƙirga takardun bincike a manta da wannan ɗawainiya. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma gyaransa a hannun hukumar jami'a yake: ta sa aikin renon ɗalibai cikin ma'aunin ƙarin girma, ta kuma buɗe hanyar ci gaba ga ma'aikatan ofis da na ɗakunan kwana, waɗanda sukan riga kowa lura idan ɗalibi ya daina zuwa aji.