Cikin Fari: Me Ake Haƙuri Da Shi, Me Kuma Ba Ya Jiran Gari Ya Waye?

Yaya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Gombe. Yau mu uku ne. Ga Sista, ungozoma ce da ta daɗe tana karɓar haihuwa, ga kuma ƙanwata, wadda har yanzu Amarya muke ce mata. Ita ce ta kawo maganar yau.

Amarya: Yaya, wallahi da nauyi a bakina. Wata uku ke nan ban ga al'ada ba. Ko albasa aka jefa a mai sai zuciyata ta tashi, ga yawu, har gwangwani na ajiye a gefen gado. Barci kuwa ko a zaune.

Sista: Allah ya raba lafiya, ƙanwata. Wannan laulayi ne, kuma ga mata da yawa yakan lafa tsakanin mako 12 zuwa 16. Mu a asibiti da mako muke lissafi, mako 40 daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, don haka ki riƙe ranar nan. Ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ki bar cikinki wayam, ki ɗan tauna busasshen biskit kafin ki sauko daga gado. Citta ma tana taimakawa. Amma idan ko ruwa ba ya zama, fitsari ya ragu ya yi duhu, to a zo a yi miki ƙarin ruwa. Kin san zafin Gombe a watan Maris da Afrilu, nan da nan jiki ke bushewa.

Yaya: Ni nawa kwaɗayin na farar ƙasa ne da ƙanƙara.

Sista: Sau da yawa wannan yana tafiya da ƙarancin jini. Shi ya sa muke ba da ƙwayar ƙarin jini a wurin awo. Takan mayar da bayan gida baƙi, sai mace ta tsorata ta watsar, alhali ba komai ba ne. Kada dai a kora ta da shayi, yana rage mata amfani. A haɗa da zogale, alayyahu, wake, kifi da lemon zaƙi.

Amarya: To ai ni ban fara awon ba. A gida cewa aka yi in bari sai ya yi motsi, wai cikin fari ba a tallarsa.

Sista: Motsin cikin fari sai wajen mako 18 zuwa 20 ake ji, kin ga an ci rabin tafiya ke nan. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farkon kuma cikin mako 12 na farko. A nan za a auna hawan jini, a duba fitsari, a san rukunin jininki, a yi hoton ciki. Ga allurar tetanus. Daga mako 13 kuma a fara ba ki Fansida wata-wata saboda zazzaɓin cizon sauro, ki riƙa kwana cikin gidan sauro. Ba sai kin je Asibitin Koyarwa na Tarayya ba, ƙaramin asibitin unguwarku, ko a Pantami kike ko Bolari, zai iya fara yi miki awon.

Yaya: Bari in faɗa miki abin da ban taɓa ba ki labarinsa ba, kina ƙarama lokacin. Na dawo gida goyon ciki ina wata takwas. Ƙafa ta kumbura, silifas ya daina shiga. Sai hannu, har zoben aurena ya nutse cikin yatsa, da sabulu Inna ta yi ta murzawa bai fita ba. Tsofaffi suna ta murna, wai tagwaye ne. Kwana biyu kaina yana sarawa, ina ganin wasu ƙyalli-ƙyalli kamar taurari a ido, na yi shiru don kada a ce na cika raki. Wata maƙwabciya ce ta leƙo, ta kalli fuskata, ta ce a nemo Keke yanzu. Muna isa asibiti aka auna hawan jinina, nas ɗin ba ta ko bari na zauna a layi ba.

Amarya: Innalillahi. Yaya, da ba ta leƙo ba fa?

Sista: Da jijjiga ce za ta biyo baya, kuma takan tafi da uwa da ɗa. Tana zuwa ne bayan mako 20, ta kuma fi kama masu cikin fari. Idan awon hawan jini ya kai 140 bisa 90, muna sa ido sosai, akwai magani, akwai allurar da ke hana jijjigar. Kumburin ƙafa da yamma, wanda ke saɓewa in an ɗora ƙafar a kan filo, wannan na kowa ne, kamar ƙwannafi da ciwon baya da yawan fitsari. Amma fuska da hannu su kumbura, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, ba a kwana da shi. Haka zubar jini ko kaɗan ne, da zazzaɓi, da fashewar faya kafin lokaci, da jin motsin yaro ya ragu.

Yaya: Maza masu saurarenmu, da ku nake. Mace da yawa tana jiran izini ne kawai. Ka ba ta tun yanzu, ka ce ko ba na nan ki tafi. Ka ajiye ɗan kuɗi, ka karɓi lambar mai Keken da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare, ka san ɗan'uwan da zai ba da jini in an buƙata.

Sista: Kuma naƙuda in ta wuce awa 12 ba a haihu ba, kada a ce a ƙara jiƙo. Doguwar naƙuda ce ke kawo yoyon fitsari, har cibiya guda gwamnatin tarayya take da ita a Ningi saboda matan da abin ya shafa.

Amarya: Sista, in zan je awon farko me zan riƙe?

Sista: Ranar al'adarki ta ƙarshe, da duk maganin da kike sha, har na gargajiya, ki nuna musu. Ki karya kumallo, ki riƙe gorar ruwa, ki yi sammako don layi.

Yaya: Ni zan raka ki. In kin ji nauyin faɗa wa surukarki, ni zan je in gaishe ta in yi mata bayani da kaina.

Amarya: To Yaya, Litinin in Allah ya kai mu.