Kafin mu sayi gidan haya a gida, a duba harsashinsa

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, ƴan'uwana ƴan Kebbi mazauna Ingila, barkanmu da wannan zama.

Da yawanmu muna tara ɗan abin da Allah ya hore don sayen gidan haya a Birnin Kebbi, ko Kalgo kusa da Jami'ar Tarayya, ko Aliero inda ɗalibai ke neman ɗaki. Niyya ce mai kyau. Amma a nan akan biya masani ya duba gida kafin a saya, sai ga shi a gida muna tura miliyoyi bisa bidiyon da dillali ya ɗauka ya aiko ta WhatsApp. Bidiyo fenti yake nunawa, ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Kun san ƙasarmu. Wajen da ya gangara fadamar Gulbin Rima laka ce. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsage, ginin da ke kanta kuma yana motsi tare da ita shekara bayan shekara. Wani filin ma tsohon kududdufi ne da aka cike da shara da ɓaraguzai aka dasa gini a kai. Duk wanda ya tuna ambaliyar 2020 ya san inda ruwa ke kwana.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya a jikin filasta, magini zai gyara ta da yamma ɗaya. Wadda nake so ku ji tsoro ita ce wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta karkata, tana bin layin bulo hawa-hawa, ta fito ciki da waje, bakinta ya wuce milimita 5. Idan ga ƙofa ta daina rufuwa daidai, daɓe ya lotsa, gindin bango yana danshi yana fitar da farin gishiri, to harsashi ne ke magana. Ku tambayi inda shadda take, don idan tana yoyo kusa da bango tana jiƙa ƙasar da ginin ya dogara da ita. Sabon fenti a bango ɗaya tak, a tambayi dalili.

Nauyin nan ba na ƙaninka ko surukinka ba ne. Kunya za ta hana shi kushe gidan maƙwabcinsa. Dillali kuwa la'adarsa sai ciniki ya faɗa. A nemi injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, wanda ba ruwansa da mai sayarwa, ya je a watan Agusta lokacin da ruwa ya kankama, ya tona gefen harsashi ya ga zurfinsa, ya rubuta rahoto ya sa hannu. Mai gidan da ya hana a tona, a bar masa gidansa.

Abin da ya fi damuna ba asarar kuɗi ba ce. Ƴaƴan mutane ne za su kwana a ɗakunan nan, kuma amanarsu tana wuyanmu ko muna Landan.

Don haka, ranka ya daɗe Shugaba, ina roƙon a kafa kwamitin mutum uku yau, su samo mana sunayen amintattun injiniyoyi a Birnin Kebbi da Argungu da Yauri, su kawo a zama na gaba. Allah ya sa albarka a dukiyarmu. Wassalamu alaikum.